Gemu Ba Ya Hana Ilmi, Balle Goyo

Yau zancen fili da gida za mu yi, da irin karatun da masu wannan aiki su kan koma su yi bayan sun riga sun sami digiri, sun kuma daɗe a bakin aiki. Na san wata za ta ce, ina ruwan biri da gada, wannan ai maganar maza ce. To, dakata tukuna, uwargida. Wace ce a cikinmu ba ta kwana ƙarƙashin rufi? Wace ce ba ta taɓa ji an ce wance ta ci gadon gida, ko ta sayi fili da kuɗin adashi, daga baya abin ya zama rigima ba? Mata da yawa suna da ƙasa, amma kaɗan ne suka san lissafinta.

Ni dai sana'ata ke nan. Na karanta ilmin kula da kadarori a jami'a, na yi bautar ƙasa, sa'an nan na shekara 12 a wani ofis inda mu ke yi wa gidaje da filaye kima, muna kuma karɓar wa masu gidaje kuɗin haya. Ina da shekara 38, da 'ya'ya uku, autan yana goye, na sake ɗaukar jakar littattafai na koma neman digiri na biyu a kan raya filaye da gidaje. Watau ilmin yadda a ke ɗaukar fili tun yana fako, a mai da shi gidaje ko kantuna ko kasuwa, ba tare da mai kuɗi ya yi hasara ba, ba kuma tare da an cuci wanda zai zauna a ciki ba.

Abin da ya tura ni shi ne wannan. Aikina kullum ya kan fara ne bayan an gama gini, kamar wadda a ke kira ta ɗanɗana miya bayan an sauke tukunya. In gishiri ya yi yawa, ba ta da abin yi sai ta faɗa. Sau da yawa a kan kai ni bene mai hawa uku, kantunan ƙasa cike, na sama kuwa sai tantabaru, don ba mai ciniki da zai hau matakala 40 ya sayi zare. A kan kai ni gidan da ya tsaya a linta shekara da shekaru, ciyawa ta fito a falo, awaki suna kwana a ɗakin uwargida, kuɗi sun ƙare tun ba a kai ga rufi ba. Ku ma kun san irinsu, ba unguwar da ba su. Sai na ga ashe duk ɓarnar an yi ta ne tun kafin a sari ƙasa. Tun ran gini tun ran zane. Na ce lalle sai na koyi abin da a ke yi a wannan ranar.

Irin wannan karatu ba na sabon shiga ba ne. An tsara shi don waɗanda ke da aiki a hannu, shi ya sa mu Juma'a da yamma da yinin Asabar mu ke shiga aji. A ajinmu akwai mai zanen gini, da injiniya, da safiyo, da mai ƙiyasin kuɗin gini, da mai tsara birane, da lauya, da ma'aikacin banki, har da wani dattijo ɗan kwangila mai furfura wanda ya girme wa wasu malamanmu. Mata mu huɗu ne. Kowa gwani ne a ɗakinsa, amma bai san abin da ke ɗakin maƙwabcinsa ba. Mai zane ya kan zana abu mai kyau, bai damu da ko nawa zai ci ba. Ma'aikacin banki ya san kuɗi, amma bai san bambancin rodi mai kauri da siriri ba. Ni na san haya, ban san dalilin da ya sa harsashi a ƙasa mai laka ya ke cin kuɗi fiye da na kan tsandauri ba. Sai malami ya raba mu ƙungiya ƙungiya, ya ba mu fili guda na gaske a cikin gari, ya ce mu kawo masa abin da ya kamata a gina, da abin da zai ci, da inda kuɗin za su fito. Nan na ga gaskiyar masu cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rabin abin da na koya daga bakin 'yan ajinmu na ji shi.

Kada ku ce kakanninmu ba su san gini ba. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da tubali da azara aka ɗaga shi, har yau masana gini na duniya suna zancen bakan gizonsa. Magina na dā a hannun iyayensu su ke koyo, Sarkin Magina yana duba aikinsu. Abin da ya sake yanzu shi ne, gini ya haɗu da takarda da banki da doka, kuma waɗannan ba a gadonsu a zaure. Turawa ma a hankali suka gane haka. A Landan aka kafa ƙungiyar masu awo da kimar kadarori a 1868. A 1919 aka buɗe kwalejin kula da kadarori, wadda ta riƙa koyar da ma'aikata ta hanyar wasiƙa suna bakin aikinsu. A Amurka sai 1983 jami'ar MIT ta kafa cibiya musamman don wannan fanni. A nan Nijeriya ƙungiyar masu kimar kadarori ta kafu a 1969, dokar da ta kafa hukumar yi musu rajista kuwa ta fito a 1975. Yau akwai sashen wannan ilmi a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Fasaha ta Minna, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna.

To, me a ke koyarwa? Bari in gutsura muku.

Na fari, sanin kasuwa. Kafin ki ce za ki gina, sai ki san wa zai shiga. Unguwar da ke kusa da makaranta ɗaki ɗaya da bayi ta ke so. Unguwar ma'aikata masu iyali tana son ciki da falo da tsakar gida inda za a yi shanya. Mu kan fita da littafi mu ƙidaya kantunan da ke rufe a titi, mu tambayi haya, mu duba ko akwai ruwa, ko mota tana shiga da damina.

Na biyu, lissafin baya baya. Wannan kuwa kowace mai sana'a a cikin gida ta riga ta san shi, sunansa ne kawai ba ta sani ba. Dubi mai ƙuli-ƙuli. Kafin ta aika a auno gyaɗa, ta san kwalba nawa na mai za ta samu, da ƙuli na nawa. Daga wannan sai ta fid da kuɗin niƙa, da na itace, da ladan yarinya mai talla, da ribarta. Abin da ya rage shi ne iyakar abin da za ta iya biya a tiyar gyaɗa. In mai gyaɗa ya haura haka, sai ta ce a dawo mata da kwanonta. To, haka a ke yi wa fili. A fara da abin da ginin zai kawo in an gama, a cire kuɗin bulo da siminti da rodi da kwano, da ladan ma'aikata, da kuɗin takardu, da ribar mai aiki, da wani abu na ko-ta-kwana. Abin da ya saura shi ne kuɗin filin na gaskiya, ko da dillali ya rantse ya fi haka. Ko-ta-kwanan nan kuwa ba abin wasa ba ne. A 2019 buhun siminti bai kai naira 3,000 ba, a farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da yawa. Wanda ya fara gini bai bar wa tashin kaya wuri ba, shi ne mai gidan awakin nan.

Akwai kuma lissafin lokaci. Duk wadda ta taɓa zubin adashi ta san ɗaukar farko da kwasar ƙarshe ba ɗaya ba ne, ko da kuɗin daidai su ke. Ta farko ta juya nata wata goma, ta ƙarshe kuwa ta karɓa bayan mudun shinkafa ya tashi. Haka naira ta yau ta fi naira ta baɗi. A makaranta a kan koya mana yadda za a auna wannan bambanci da alƙalami, shekara bisa shekara.

Na uku, doka. Ku riƙe wannan da kyau. Tun 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, dokar amfani da ƙasa ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, amana don jama'a. Abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, shi ne takardar nan da a ke kira C of O, wadda galibi a kan rubuta wa shekara 99 in ta gidan zama ce. Mai irin wannan takarda in zai sayar, ko ya jinginar, sai da yardar gwamna. Saboda haka takardar ciniki da aka rubuta a zaure gaban mai unguwa shaida ce mai amfani, amma banki ba ya ba da bashi a kanta, kuma ita kaɗai ba ta hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Bayan wannan akwai izinin gini daga hukumar tsara birane, wanda sai an same shi a ke fara haƙa.

Na huɗu, inda kuɗi za su fito. Tun 1992 akwai asusun gidaje na ƙasa, wanda a ke zuba wa kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya yana riƙe da shi, mai zubi kuma yana iya neman rancen gida daga ciki. Matan ma'aikata da yawa ba su san mazansu suna da wannan ajiya ba. Ga wanda ba ya son kuɗin ruwa kuma, tun 2012 da bankin Jaiz ya fara aiki akwai bankunan da ke bin hanyar ciniki da haya da tarayya. Duk mun zauna mun auna su ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu bari in gaya muku ranar da karatun nan ya biya ni wahalata. Ina cikin shekara ta biyu, mijin Goggona ya rasu, ya bar mata gida na ƙasa a bakin titi, ita da 'ya'yanta mata uku da namiji ɗaya. Da can unguwar lungu ce, amma da aka zuba kwalta sai wurin ya zama ido. Ba ta daɗe da fita takaba ba, sai ga wani Alhaji ya aiko. Ya ce zai rushe gidan ya gina kantuna 10 da kuɗinsa, ya ci haya shekara 25, sa'an nan ya mayar wa magada. Zai kuma kama wa Goggo haya a wata unguwa, ya ba da ɗan abin goro a raba. Ɗanta namiji yana Ikko, yana ta waya a sa hannu, kada arziki ya wuce. 'Yan matan kuwa kunya ta hana su magana gaban manya.

Goggo ta aika aka kira ni. Ta ce, "'Yar nan, an ce wannan abin ki ke karantawa. Ni shekara 25 ɗin nan ce ta tsaya mini a wuya. Ai sai dai a kai wa kabarina makullin."

Na ce, "Goggo, ki ba ni mako biyu, kada kowa ya sa hannu a kome."

Na roƙi mai ƙiyasin ajinmu ya duba zanen, ya ce ginin zai ci wajen naira miliyan 40. Na bi titin da ƙafata, na tarar kanti irin wannan ana ba da shi 600,000 a shekara. Kantuna 10 sun kawo miliyan 6. Na cire miliyan 1 don gyara da watannin da wani kanti zai zauna ba kowa, saura miliyan 5. Ashe cikin shekara 8 Alhaji ya mai da kuɗinsa, ko da haya ba ta ƙaru da kwabo ba, alhali hayar bakin titi ba ta zama wuri ɗaya. Sauran shekara 17 fa? Wannan miliyan 85 ke nan. Na zauna na karanta wa Goggo da 'ya'yanta da Hausa, da misalin gyaɗa da ƙuli, har kowa ya gane.

Amma fa ku lura, ba a koya mana mu mai da mai kuɗi ɓarawo ba. Shi ma yana da hakki. Shi zai binne dukiyarsa a ƙasar wani, shi zai ɗauki hasara in kaya suka tashi ko kasuwa ta mutu, kuma kuɗin da zai karɓa a shekara ta goma ba su kai na yau daraja ba. Duk na sa masa wannan a ma'auni. Ranar zama, na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce, "Hajiya, wa ya yi miki wannan lissafi?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na yi." Ya yi dariya, ya ce to a yi magana. Aka yi ta ja har aka tsaya a shekara 14. Aka rubuta cewa za a fara neman takardar gwamnati da sunan magada duka biyar, matan da namijin. Za a gina wa Goggo ɗaki biyu da tsakar gida a baya, ba za ta bar maƙwabtanta na shekara 40 ba. Injiniyan da magada suka zaɓa zai riƙa duba aikin, kuma ran da wa'adi ya cika a ba da ginin lafiyayye. Lauyar ajinmu ta rubuta, aka kai aka yi rajista. Alhaji bai yi hasara ba, marayu ma ba su yi ba.

Maganar injiniya mai duba aiki kuwa, ita ce ta fi tsaya mini a rai, don a nan rai ke shiga. Kun ji benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Ikko ran 1 ga Nuwamba 2021, mutum fiye da 40 suka mutu. Kun ji makarantar da ta rufta wa ɗalibai a Jos cikin Yuli 2024, aka rasa rai 22. Kowane rushewa da sanadinsa. Amma abin da malamanmu suka yi ta nanatawa shi ne, in lissafi ya ƙi tun farko, a jikin ginin a kan nemi cikon. A rage rodi, a ƙara yashi a siminti, a ɗora hawan da harsashi bai san da shi ba. Saboda haka mai wannan ilmi dole wani lokaci ya dubi mai kuɗi ya ce masa, wannan aiki ba zai fita ba, a bar shi. Faɗin haka yana da wuya, musamman ga mace a gaban manyan mutane. Takardar lissafi a hannu ita ke ba ki bakin faɗa.

Ba zan ɓoye muku ba, karatun da ɗawainiya. Kuɗin makaranta da adashi biyu na haɗa su. Miyar Asabar tun daren Alhamis na ke yin ta. Bukukuwa da yawa sai dai na aika da gudummawa, har wata ƙawata ta yi fushi. Akwai daren jarrabawa da autana ya kwana da zazzaɓi, ina jijjiga shi a baya, littafi yana buɗe a kan tabarma. Masu magana kuma ba su fasa ba, wai me ta ke nema, ga miji ga aiki ga 'ya'ya. Abin da ya taimake ni shi ne, tun kafin in cika takardar shiga na zauna da maigida muka ƙidaya kome, kuɗi da ranaku da wanda zai ɗauko yara. Na kuma je na durƙusa gaban surukata na nemi albarkarta. Ta ce, "Je ki, 'yata, ki kawo mini shi ran Asabar." Allah ya saka mata da alheri. Wadda za ta bi wannan hanya, ta fara gyara ta cikin gida, kada ta ɗauko abu a ɓoye.

Kada kuma wata ta ce aikin ba na mata ba ne. A Landan, tun 1865 wata mace, Octavia Hill, ta fara kula da gidajen haya na talakawa, ta horar da mata suna bi gida gida kowane mako suna karɓar haya, suna duba gyara. A 1922 Irene Barclay ta zama mace ta farko a Ingila da ta ci jarrabawar ƙungiyar nan ta masu awo da kima. Mu a nan muna da wata dama ma da maza ba su da ita. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga", ni ina shiga har ƙuryar ɗaki in auna. Matar da ke takaba, wadda ba za ta fito zaure ta yi ciniki da namiji ba, za ta zauna da ni ta buɗe mini adakarta ta nuna mini takardu. Kuma wa ya fi mace sanin inda ya kamata madafa ta kasance, ko cewa tsakar gidan da ba ta samun rana ba ta shanya?

To, uwargida, ba na ce kowa sai ta koma jami'a ba. Amma ga abin da za ki iya tun yau. Ki san inda takardun gidanku su ke, da sunan da ke kansu. In kin sayi fili da kuɗinki, a rubuta sunanki, wannan ba rashin kunya ba ne, addini ma ya ba mace dukiyarta. Kada ki biya sai an je ofishin filaye an bincika. In an zo miki da maganar rushe gida a gina kantuna, ki tambayi abu uku: nawa ginin zai ci, nawa zai kawo a shekara, shekara nawa a ke so. Sa'an nan ki nemi mai rajista ya duba miki. Ladansa bai kai hasarar ɗaki ɗaya ba.

Ku kuma 'yan mata, ku riƙe lissafi da Turanci da ilmin tattalin arziki, su ne ƙofar wannan fanni. In kuna tafiya makaranta ku riƙa kallon gine-ginen da ke hanya, kuna tambayar kanku don me wannan ya cika, wancan ya zama kango. In Allah ya sa kun sami digiri kun kama aiki, kada ku ɗauka an rufe littafi ke nan. Ku yi 'yan shekaru kuna ganin aiki da idonku, ku tara tambayoyi, sa'an nan ku koma ku nemi amsarsu. Karatun da aka shiga da tambaya a hannu ya fi zama a kai.

Allah ya ba kowace mace rufin da ba mai tashinta daga ƙarƙashinsa, ya sa wa 'ya'yanmu albarka a karatunsu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.